Sambal na lantarki a Junju: faranti ba ya magana sai da akwatinsa

Idan sanyi ya shigo aka fara saran rake a fadamun Junju da Karakara, kuɗi kan shiga hannun manoma, bukukuwa kuma su biyo baya. Lokacin ne masu sono da ƴan arkes ke samun na shekara, lokacin ne kuma ƴan kasuwa ke tuna cewa kayan kiɗa ma haja ne. Cikin kayan da ke biyo hanyar Kamba daga kasuwar Alaba ta Ikko, ko waɗanda aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ana samun wani baƙin faranti na roba mai huda a tsakiya da kafar fish a ƙarƙashinsa. Shi ne sambal na lantarki. Wanda bai san shi ba, in ya buga shi da sanda sai ya ji "tab-tab" kamar an taɓa tayar keke, ya ce an cuce shi. Wanda ya san shi kuwa, akwatinsa zai fara tambaya kafin ya tambayi kuɗinsa.

Sambal na asali shi ne faifan tagullan nan da ke rataye bisa gangunan arkes, waɗanda makaɗa ke kira batri (kada a haɗa su da batir na rediyo). Mai kyau daga cikinsu, kashi 80 cikin ɗari jan ƙarfe ne, 20 kuza. Gidan Zildjian, wanda ya fi suna a wannan sana'a, ya faro ta a birnin Santambul tun 1623. Na lantarki kuwa ɗan jiya ne. A 1981 kamfanin Simmons na Ingila ya fito da gangunansa masu kusurwa shida, a 1983 masu ƙera kayan kiɗa suka yarda da yare guda da na'urori za su riƙa magana da juna, wanda ake kira MIDI, a 1997 kuma Roland na Japan ya fito da jerin V-Drums. Yamaha da Alesis su ma suna cikin kasuwar. Akasarin abin da ke isowa wannan yanki kwance ne, wanda ya riga ya yi aiki a hannun wani a Turai ko Amurka.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. A ƙarƙashin robar an manna wani siririn faifan ƙarfe mai fatar yumɓu, girmansa bai wuce na kwandalar dala ashirin da yawa ba. Sunansa fiyezo. Wa da ƙane ne Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880 cewa akwai duwatsun da ke fitar da ɗan kuran in an matsa su. To, duk lokacin da sanda ta sauka, fiyezo sai ya tura wannan ɗan kuran ta waya zuwa akwatin sauti, wanda makaɗa ke kira modil. Akwatin ya auna ƙarfin bugun bisa ma'auni daga 1 zuwa 127, ya ɗauko sautin da aka ajiye a cikinsa, ya miƙa wa ampili. Ke nan farantin ba ya da murya ko kaɗan. Labarin bugu kawai yake kaiwa, kuma sai akwatin da ke jin yarensa zai fahimci labarin.

A nan asarar take. Kwance ba ya zuwa a jere. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, kaya da yawa sun koma ratsa kogi cikin jirgin ruwa ko zagayawa ta nesa, kuma kowane saukale da lodi dama ce ta rabuwar faranti da akwatinsa, ko akwati da wayoyinsa. Dillali sai ya tattara abin da ya samu, faranti na Yamaha, akwati na Roland, fedal na wani kamfani da ba ya da suna, ya ɗaure su da igiya guda ya ce saiti ne. Tunda fish ɗin duka iri ɗaya ne, mai kaurin milimita 6,35, kowane zai shiga kowace kafa. Shigar fish kuwa ba shaidar jituwa ba ce.

Misali ya isa. Babban farantin da makaɗi ke riƙe amo da shi, wanda aka rubuta RIDE a kafarsa, yakan zo da wurin bugu uku: baki, tsakiya da ƙoƙon sama. Roland yana raba ukun nan ta waya biyu. Yamaha yana tura su ta waya guda, yana bambance su da wata ƴar rezistans da ke cikin farantin. In aka haɗa na wannan da akwatin wancan, tsakiya za ta yi magana, amma ƙoƙon ko bakin zai yi shiru ko ya ba da sautin da ba nasa ba. Mai saye ya biya kuɗin murya uku ya tafi gida da ɗaya. Fedal na sharleston, wato farantin nan da ake buɗewa da rufewa da ƙafar hagu, shi ya fi kowa taurin kai: kowane kamfani da yadda fedal ɗinsa ke gaya wa akwati nisan da ƙafa ta taka, kuma da wuya na wani ya yi aiki sosai da na wani. Wasu ƙananan akwatuna kuma wayoyinsu duka a dunƙule suke cikin kai guda mai haƙori 25. Wanda ya sayi irin wannan akwati ba tare da dunƙulen wayarsa ba, ya yi cinikin biri a sama, domin jerin haƙoran ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Ita kanta wayar tana da nata tarkon. A dubi kan fish. In zobe baƙi guda gare shi, waya ce ta gita, hanya ɗaya take ɗauka. Ta sambal zobe biyu gare ta: ƙarshen fish na ɗauke da labarin fiyezo, tsakiyarsa na ɗauke da labarin wani siririn makunni da ke kwance a bakin farantin. Wannan makunni ne ke ba da sautin baki, shi ne kuma ke sa amo ya yanke in makaɗi ya cafke farantin da hannu, kamar yadda ake yi wa na tagulla. Da wayar gita, ko dai baki da cafka su mutu, ko akwatin ya ɗauka an riƙe farantin har abada ya riƙa shaƙe sautin. Faranti nawa aka jefar bisa zargin ya lalace, alhali waya ce mai zobe guda!

Wajen ɗaurawa, akwai wani ɗan ƙarfe ko roba mai tsini da ake fara sakawa a sanda kafin farantin, aikinsa hana shi juyawa. Ƙarami ne, shi ya sa shi ke fara ɓata a hanya. In babu shi, farantin zai riƙa kewayawa yana naɗe waya har ta tsinke daga ciki, kuma gefen da na'urar ji take zai guje wa makaɗi. A yawancinsu, tambarin kamfani shi ke nesa da mai bugu. A ɗaure goron sama daidai yadda farantin zai yi lilo kaɗan, a bar wa wayar sarari ta bi lilon. Sanda ta zama mai santsi. Wadda ta tsage tana yanka roba, lanƙwasasshen makaɗin ganga kuwa yana tara ƙarfinsa wuri guda, ba don shi aka yi farantin ba.

Sai a jona komai tukuna a kunna akwatin, muryar ampili tana ƙasa. A lokacin kunnawa kada a taka fedal, kada a bugi komai, saboda wasu akwatunan a daidai wannan lokaci suke auna matsayin hutun kayan. Ampili shi ne na ƙarshe a kunnawa, na farko a kashewa.

Daga nan aikin kunne ya fara, kuma shi ne wanda samari ke gaggawar tsallakewa. Da farko a gaya wa akwatin irin farantin da aka jona masa, domin a cikinsa akwai jerin sunaye. Sa'an nan ƙarfin ji. Makaɗi ya yi bugunsa mafi ƙarfi yana kallon ma'aunin da ke fuskar akwatin: sai a wannan bugu kaɗai ya kamata ma'aunin ya kai ƙololuwa. In ɗan taɓi ma yana kai shi sama, to kiɗan zai fito da murya guda kamar mai shela, babu rarrashi babu tsawa. In kuma sai an yi dukan kawo wuƙa kafin a ji shi, hannu zai gaji, roba ta fashe. Bayansa akwai iyakar ƙasa, wadda duk girgizar da ba ta kai ta ba akwatin ba ya kula ta. A sauke ta har farantin ya fara magana shi kaɗai, sa'an nan a ɗaga ta kaɗan.

Maganar farantin da ke magana shi kaɗai ta cancanci a tsaya a kanta, don a filin buki ta fi ba da kunya. Fiyezo ba ya san sanda ba, girgiza ya sani. In aka bugi ganga, girgizar na bin ƙarfen da aka ɗaura su duka a kai ta isa farantin, sai ya amsa ba a kira shi ba. Haka in aka ɗora kayan bisa dandamalin katako tare da manyan bafil: kowane gurnanin bas sai sambal ya yi tari. Akwatuna suna da ma'aunin da ke danne wannan shisshigi, amma in aka ɗaga shi da yawa sai ya haɗiye bugun gaskiya duk lokacin da hannu biyu suka sauka tare. Maganin da ya fi araha shi ne a ƙara ɗaure kusoshi, a raba farantin da gangar da ke tsokanarsa, a sauko da kayan daga katako a shimfiɗa tabarma bisa rairayi. Rairayi dai ba a sayensa a Junju. In an gama a ajiye lambobin cikin akwatin, a kuma rubuta su a takarda a manna cikin murfin jakarsa. Duk wannan aikin ranar da babu buki ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuran shi ne abokin gaba na biyu. Na Nijar bolt 220 ne, adaftate na kwancen Amurka kuwa wani bolt 120 kawai yake ɗauka, kuma sau ɗaya ake jona shi. Akwatunan Roland da yawa bolt 9 suke sha, na Yamaha da yawa 12, kuma inda wani ya sa ƙafar "ƙari" a tsakiyar fish, wani "ragi" ya sa. Zanen yana nan kusa da kafar, sai a karanta kafin a ari adaftate na maƙwabci. Wanda ya ga yadda ƙasar ta kasance daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke zuwa daga Birnin Kabi, ya san arkes ba ya dogara da NIGELEC kaɗai. Gurup kuwa wutarsa na hawa da sauka, musamman in ana kunna shi ko mai ya kusa ƙarewa, don haka rigilatar ba ado ba ne. Abin daɗin shi ne akwatin ba ya cin wuta sosai, ƙaramin fano da batir sun ishe shi. Ampili ne mai cikin zani. Ƙurar hunturu na shiga kafofin fish, zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 na saki gam ɗin da ya riƙe fiyezo in aka bar kaya a rana ko a saman mota. Wannan na ƙarshe yana gyaruwa: mai gyaran rediyo da dalmarsa zai iya sauya fiyezo, tunda irinsa ne a cikin ƙananan na'urori masu ƙara.

To, da wannan wahala duka, me ya sa ba za a tsaya ga tagulla ba? Na tagulla ba ya son kuran, gaskiya ne. Amma ba a rage masa murya, kuma a bukin da sono ɗinsa ƙarami ne yakan binne mawaƙi da ransa. In ya tsage kuma ya tafi ke nan. Na roba ana sauke shi ƙasa da muryar mai waƙa, kuma yaro na iya sa kaske a kunne ya koyi hannu da dare ba tare da ya tashi unguwa ba. Ga garin da gidaje ke manne da juna da masallatai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hukuncin dai shi ne cinikin yana da kyau in an sayi faranti da akwati da fedal da wayoyi na gida guda, aka kuma jona aka buga a gaban mai sayarwa. Tun da Junju ta zama dapartama a 2011, da kumin uku, Junju da Karakara da Zabori, ma'aikatan da ke sa hannu a takardar sayen kayan matasa sun ƙaru. Ma'aikacin da ya rubuta "sambal uku, modil ɗaya" bai faɗi kamfani ba, ya ba ɗan kwangila izinin kawo masa gauraye, kuma ranar karɓar kaya ƙidaya za ta cika cif. A zo da makaɗi ranar, ya bugi baki, tsakiya da ƙoƙo, ya cafke, ya taka fedal a hankali daga buɗe zuwa rufe, kafin biro ya taɓa takarda.

Akwai wani abu kuma da bai kamata a yi shiru a kansa ba. Sautukan da ke cikin akwatin an ɗauko su ne a situdiyo na ƙasashen da suka ƙera shi. Za a samu ƙararrawar shanun Kuba da gangar Barazil, ba za a samu kuge ba, balle sambani ko cakin da ke rakiyar garaya. Amma wasu akwatunan, irin su TD-17 na Roland da ya fito a 2018, suna karɓar sautin da mutum ya ɗauka da kansa ya zuba a katin SD. Makaɗi na iya ɗaukar amon caki a ɗaki mai shiru, ya ɗora shi a bakin faranti, ya sa amon ƙarfen maƙera a ƙoƙo. Kalangu ba zai shiga wannan tsari da daɗi ba, domin maganarsa a hammata take, a matsar tsarkiya da sakinta, faranti kuwa bugu kaɗai ya sani. Shi kuma kuge yana da masu shi. Kayan fada ne, ba a buga shi don kowa, kuma saurayin da ke son ɗaukar amonsa ya kai shi filin rawa, sai ya fara zuwa gaida makaɗan sarki ya ji ta bakinsu.