KIMIYYA DA LAFIYA: Abin da Ɗigon Jini Ke Faɗa Game da Mai Gudu

A shekarar 1924, waɗansu likitoci uku na birnin Boston ta ƙasar Amurka, watau Levine da Gordon da Derick, suka ɗebi jinin 'yan tseren gudun fanfalaki da zarar sun iso ƙarshen tsere. Suka tarar waɗanda suka fi galabaita, har suna layi, su ne sukarin jininsu ya fi faɗuwa. Da shekara ta zagayo, aka ba 'yan tseren alewa su riƙa sha a hanya, sai ga shi sun iso da sauran ƙarfinsu.

A yau ɗigo guda daga fatar kunne ko kan yatsa ya wadatar. Abu na farko da akan auna shi ne laktet, sinadarin da tsoka ke fitarwa idan tana ƙona sukari cikin gaggawa. Mutum yana zaune, yawansa bai wuce milimol 1 zuwa 2 a litar jini ba. A 1976 Alois Mader na birnin Kolon a Jamus ya kafa milimol 4 a matsayin iyakar da in aka ƙetare ta gajiya kan zo da sauri. An daɗe ana ɗora wa laktet laifin tsamin jiki na washegari, amma bincike ya wanke shi, domin zuciya da tsoka ma ƙona shi suke yi su sami ƙarfi.

Na biyu kuwa su ne homon, manzannin da jini ke ɗauka daga gaɓa zuwa gaɓa. A doguwar tafiya mai matsakaicin ƙarfi insulin kan ragu, rumbun sukari na hanta ya yi ta zarara har ya kusa ƙarewa. Amma in gudu ya tsananta, adirenalin kan ninka fiye da sau goma, ya sa hanta ta zubo sukari fiye da abin da tsoka ke iya ci, sai sukarin jini ya hau.

A nan ne maganar ta shafi mai ciwon sukari, musamman mai allurar insulin. Motsa jiki na iya kayar da sukarinsa, yana kuma iya ɗaga shi, ya danganta da tsanani da tsawon lokaci. Saboda haka ya kamata ya auna jininsa kafin ya fita da bayan ya dawo, ya riƙe dabino ko alewa a aljihu, sa'an nan ya kai wa likitansa alƙaluman kafin ya taɓa yawan maganinsa.