Farashi Zai Faɗi, Bashin Yana Nan

Abin takaici ne a ga mutum mai hankali, mai iyali, ya jinginar da takardar fili ko ya ci albashin watanni shida tun kafin ya shigo, don kawai ya ji an ce hannun jari kaza ko kuɗin kirifto yana tashi. In ka yi masa magana sai ya ce ai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan ba dabara ba ce, malam, kwaɗayi ne da ganganci, kuma mun riga mun ga inda yake ƙarewa.

Bayan haɗewar bankuna ta 2005, bankunan Najeriya suka cika da kuɗi, suka riƙa bai wa mutane rance su sayi hannayen jari, har da na bankin da ya ba da rancen. Bashi ya tura farashi sama, hauhawar farashin ta zama hujjar ƙara cin bashi. Ma'aikata da 'yan kasuwa, har da 'yan fansho, kowa ya ɗauka ya yi arziki. A Maris 2008 darajar kasuwar hannayen jari ta Legas ta haura naira tiriliyan 12. Masu jari na waje suka fara janye kuɗinsu, bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe ranar 15 ga Satumba, shekara ba ta zagayo ba sai da fiye da rabin darajar nan ta zube. Takardun suka zama ba a bakin komai ba, amma ko kobo bai ragu daga bashin ba, ruwa kuma yana ta hawa.

Ku lura da wanda aka ceta. A Agusta 2009 Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna 5, ya zuba wa bankunan naira biliyan 420, a 2010 aka kafa hukumar AMCON ta sayi ruɓaɓɓun basussukan bankuna. Malamin makarantar da ya sayar da gona fa? Babu wanda ya ko leƙo shi.

Duk da haka ba mu daddara ba. Damfarar MMM ta ci mutane a 2016, shekarar da tattalin arziki ya karye, CBEX ta maimaita a 2025. Ga kuma tsadar bashin kansa: a ƙarshen 2024 kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5, na bankunan kasuwanci ya fi haka. Wace halattacciyar sana'a ce za ta biya wannan, ta ciyar da gida, ta bar maka riba?

Kai da kasuwa ta fara ja maka baya, fara biyan bashin da ke wuyanka. Ajiye abin da zai riƙe gidanka na wasu watanni, kada ka taɓa shi. Kuɗin haya da na makarantar yara ba jari ba ne. Duk wanda ya zo maka da ribar da ba ya iya bayyana daga ina take fitowa, ka ce masa a'a, ko da ɗan'uwanka ne.