Kowane Kango Yana da Mai Shi

A wannan mako muna so mu yi magana a kan wani abu da kowaccenmu take wucewa ta gabansa kullum har ido ya saba da shi, watau kangayen da suka cika unguwanninmu.

Duk wadda ta bi lungunan cikin birnin Kano za ta ga gidan ƙasa wanda rufinsa ya rufta, kwaɗon ƙofar zaure ya yi tsatsa, tumfafiya ta tsiro a tsakar gida inda dā ake daka da girki. In kuwa ta fita sababbin unguwanni na bayan ganuwa, wani irin kangon za ta tarar, watau ginin bulo da ya tsaya a linta shekara da shekaru, babu rufi, babu ƙofa, babu taga. Haka abin yake a Zariya da Katsina da Sakkwato da sauran manyan garuruwanmu. Mutane kan ce gidan ba na kowa ba ne. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Kowane kango yana da mai shi, kuma sau da yawa mu mata muna cikin masu shi.

Bari mu fara da ɓarnar da kango yake yi, domin a kanmu take faɗawa. Maigida yana kasuwa ko ofis tun safe. Mace ce take wuni a gida tare da yara, ita take shaƙar warin, ita kuma take kwana zaune idan yaro ya kamu da ciwo.

Da zarar gida ya zama kango, maƙwabta sai su mai da shi juji da makewayi. Ruwan sama yana taruwa a cikin gwangwanaye da tsofaffin tayoyi da tankin da magina suka bari, alhali kuwa ƙwan sauro ba ya buƙatar fiye da mako 1 zuwa 2 a cikin ruwan da ke kwance kafin ya zama sauro mai cizo. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, wajen kashi 1 cikin 4 na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya duka a Nijeriya suke, kuma ƙananan yara da mata masu ciki su ne cutar ta fi yi wa illa. Ƙudan da ya sauka a kan ƙazantar kango shi ne zai sauka a kan tuwonmu, ta haka gudawa da kwalara suke yawo daga gida zuwa gida. Ga kuma ɓeraye. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, ɓera ne yake yaɗa shi ta hanyar fitsari da kashin da yake bari a kan abinci. Ba mu ma yi zancen maciji da kunama ba, ko tsohuwar rijiya da ramin masai da aka bari a buɗe, ciyawa ta rufe bakinsu, yara kuwa suna wasan ɓuya a wurin.

Sai kuma haɗarin ginin kansa. Iyayenmu sun san cewa gidan ƙasa kamar jariri yake, kullum yana son kulawa. Kafin damina ake yi masa yaɓe, a share rufi, a buɗe indararo. Idan babu kowa a gida, ganye da ƙasa sukan toshe indararo, ruwa ya kwanta a kan soro, ya ratsa ya jiƙa azara, gara kuma ta ƙarasa aikin. Ranar da aka yi marka a watan Agusta sai rufi ya zube. Abin tsoro shi ne a cikin birni gidaje a manne suke da juna, katanga ɗaya take raba ɗakin kwananki da kangon. Idan katangar ta jiƙe ta wancan gefe, ba za ta tambayi gefen da akwai mutane ba kafin ta faɗi. Shi ya sa Hausawa suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ɓarna ta uku ita ce ta fi ciwo. Da yawa daga cikinmu muna tsoratar da yara da cewa akwai aljanu a kango. To, abin da ya kamata mu fi jin tsoro shi ne mutanen da suke fakewa a ciki. Nan 'yan shaye-shaye suke taruwa, nan 'yan daba suke ɓoye makamai, nan ɓarawo yake ajiye kayan sata, ya kuma hau katanga ya leƙa gidan maƙwabta. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a 2018, amma ko da an hana kwalba, muddin akwai maɓoya a unguwa masu shaye-shaye za su sami abin sha da wurin sha. Yarinya 'yar talla da aka kira cikin kango da sunan za a sayi kayanta, ko 'yar makarantar da ta yanke hanya ta lungun da babu kowa, su ne suka fi shiga wannan haɗari. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

To, me yake mai da gida kango? Akwai wanda ya fara gini kuɗi suka ƙare masa saboda tsadar siminti da rodi, wannan abin tausayi ne. Akwai mai kuɗin da ya sayi fili ya kewaye, yana jira farashi ya tashi, bai damu da halin da maƙwabta suke ciki ba. Akwai kuma manyan gine-gine da rigima ko karyewar ciniki ta kashe. Mutanen Kaduna sun ga yadda Otal ɗin Durbar, wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977, ya yi shekaru a yashe kafin a rushe shi a Janairun 2020, sun kuma ga yadda masaƙun Kakuri suka koma kufai bayan an rufe su. Waɗannan sun fi ƙarfin matar aure. Amma a cikin tsofaffin unguwanninmu akwai wani dalilin da muke da ta cewa a kansa, shi ne gādon da ba a raba ba.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Maigida ya rasu, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, sai kowa ya yi shiru. Babban wa ya ce ba za a sayar da gidan mahaifinsu ba yana raye, amma shi ya gina nasa a wata unguwa. Ƙane ya ce ba zai kashe kwabonsa a gidan da ba nasa shi kaɗai ba. 'Yan'uwa mata suna gidajen aurensu, suna jin kunya kada a ce suna ɗokin dukiyar mamaci. Uwargida ta gama takabarta ta wata 4 da kwana 10 ta koma wurin danginta. Shekara ta zagayo babu wanda ya yi yaɓe. Bayan shekara 20 wasu magadan su ma sun rasu, 'ya'yansu sun shigo cikin lissafi, gidan da dā na mutum 6 ne ya zama na mutum 40, kuma babu abin da ya rage sai fili da tarin ƙasa.

Ya kamata kowace mace ta san lissafin nan, domin Allah da kanSa Ya yanka mana rabonmu a cikin Suratun Nisa'i. Mu ɗauka mutum ya rasu ya bar mata 1, 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, sai a kasa gidan kashi 8. Matarsa tana da tumuni, watau kashi 1. Kowace 'ya mace tana da kashi 1, kowane ɗa namiji yana da kashi 2. Idan gidan ya yi naira miliyan 8, uwargida tana da miliyan 1, 'yan mata 3 suna da miliyan 3. Ke nan rabin gidan cif na mata ne. Duk daminar da ta ci wani ɗaki a gidan nan, rabin abin da ruwa ya tafi da shi dukiyar mata ce. Wata cikinsu tana can tana biyan haya da kuɗin wankau, wata tana neman kuɗin makarantar marayu, alhali gidan ubanta ya zama jujin unguwa.

Neman a raba gado ba rashin kunya ba ne, kuma ba ya yanke zumunci. Barin sa shi ne yake haddasa gabar da jikoki za su gada. Ga wanda yake tsoron kada gidan uba ya faɗa hannun bare, shari'a ta riga ta yi masa tanadi. Akwai haƙƙin shuf'a, wanda ya ba abokin tarayya a gida ko fili damar sayen kason ɗan'uwansa kafin a sallama wa wani na waje. Idan kuwa magada ba sa son sayarwa, suna iya gyara ɗakuna su sa 'yan haya su riƙa raba kuɗin bisa kason kowa, ko kuma su haɗu su yi wakafi da gidan ya zama makarantar Islamiyya, ladan ya isa ga mahaifinsu. In an kasa daidaitawa a gida, a je wurin malamin da ya san ilmin gado. In abin ya ci tura, kotun shari'a tana nan, kuma mace tana da ikon kai ƙara da kanta ko ta wakilinta.

Hukuma ita ma tana da nata aikin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun Gwamna, ta kuma ba shi ikon soke takardar mallaka idan mai fili ya saɓa sharuɗɗan da ke cikinta. A Kano akwai hukumar tsara birane ta KNUPDA, wadda kula da gine-gine yake wuyanta. Tsarin Mulki na 1999 kuwa ya ɗora kwashe shara a kan ƙananan hukumomi. Tsofaffinmu suna tuna zamanin En'e, lokacin da duba-gari yake shiga gida-gida yana leƙa randa da makewayi, kowa yana shakkarsa. Wasu kuma suna tuna Yaƙi da Rashin Ɗa'a da aka fara a 1984, wanda ya kawo ranar tsabtace gari a 1985. Ba muna neman a dawo da bulala ba. Abin da muke nema shi ne a ƙidaya kangayen kowace unguwa, a nemo masu su, a ba su wa'adi su share, su toshe rijiya, su sa ƙofa. Wanda ya ƙi, hukuma ta yi aikin ta karɓi kuɗinta a hannunsa.

A nan muna so mu ja hankali a kan abu guda. Ba duk mai kwana a kango ne mugu ba. Akwai almajirai, akwai 'yan gudun hijira da rikici ya raba da garuruwansu, akwai matan da aka saka ba su da wurin zuwa. Korar su cikin dare ba gyara ba ne. Abin kunya ne ma a ce ɗakuna suna ruɓewa babu kowa, ga bayin Allah suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Ɗakin da aka gyara aka bayar haya da rahusa ya yi wa mai shi amfani, ya yi wa talaka amfani, ya kuma kori ɓata-gari daga unguwa.

Saura mu, 'yan'uwa. Mu fara da kanmu, domin sharar da take cikin kangon nan daga gidajenmu ta fito. Kada ki ƙara miƙa wa yaro kwandon shara ki ce ya juye a kango. Kada ki aiki yarinya bayan magariba ta hanyar da akwai kango. Ki yi wa maigida magana cikin ladabi ya kai zancen masallacin unguwa, daga nan a sanar da mai unguwa, shi kuma ya kai ga dagaci da hakimi. Mu ma idan mun haɗu wurin suna ko biki ko adashi, mu tayar da zancen, domin a cikinmu akwai wadda ta san 'yar mai gidan, ta san inda take aure. Saƙon da mace za ta kai wa mace sau da yawa ya fi takardar hukuma saurin isa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙa tafiya tare da ƙawayenku, ku bi babbar hanya ko da ta fi nisa. Duk wanda ya kira ki cikin kango, ko kin san shi ko ba ki san shi ba, babba ne ko yaro, kada ki shiga. In mai saye ne, ya fito bakin hanya. In wani ya tare ki ko ya faɗa miki maganar banza, ki gaya wa mahaifiyarki ko malamarku a ranar, laifin nasa ne, ke ba ki da abin jin kunya. Sa'an nan ku da kuka iya lissafi, ku zauna da iyayenku mata ku nuna musu lissafin gadon nan da muka kawo, domin wata uwar ba ta taɓa sanin yawan abin da ta mallaka ba.

Muna roƙon kowace mai karatu, kafin damina mai zuwa, ta tambayi kanta ko tana da kaso a wani gidan da yake rufe. In tana da shi, ta tuna akwai wata 'yar'uwarta mace da take kwana a bayan katangarsa tare da 'ya'yanta. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka gina gidajen nan, Ya ba mu ikon raya su, Ya tsare mana zuriyarmu, amin. Sai mako mai zuwa.