Ka shiga dajin beyar da bindiga, ka harbe ta: kare kai ne?

1/ Zare 🧵 kan wata muhawara da ta ƙi ƙarewa tsakanin mafarautan Amurka. Maharbi ya shiga daji neman barewa, beyar ta taso masa, ya bindige ta. Ya yi laifi? A ganina, a wannan daƙiƙar bai yi ba. Amma lissafin tun daga gida yake farawa.

2/ Beyar ɗin da ake magana ita ce girizili, ta jihohin Montana, Wyoming da Idaho. Ƙaton namiji yakan wuce kilo 200, gudunsa kuma ya kai kilomita 50 a awa. Tun 1975 dokar tarayya ke kare ta a can don an kusa ƙarar da ita. Amma dokar ta yarda ka kashe ta in ranka na cikin haɗari.

3/ Ni ma na yarda. Ran ɗan Adam na gaba. Mu da ke kwance muna latsa waya ba mu da bakin ce wa wanda beyar ta tasar masa "da ka yi haƙuri". Haba dai.

4/ To amma duba yadda farautar take. Maharbi sanɗa yake yi, shiru, yana fuskantar iska don kada dabba ta ji warinsa, da asuba ko gab da magariba. Kuma da kaka, lokacin da beyar ke ci ba ji ba gani kafin dogon barcinta na hunturu. Wato shi ne ke faɗo mata ba sallama.

5/ In ya harbi barewa ya feɗe ya bar kayan ciki, warin jini ke kiran beyar daga nesa. Ka dawo washegari ɗaukar sauran nama ka tarar da ita a kai, wa ya gayyace ta?

6/ Akwai feshin barkono na musamman da ake korar beyar da shi. Binciken Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu a Alaska, 2008, ya nuna ya dakatar da irin wannan beyar a kashi 92 cikin 100 na lokutan da aka fesa. Kashi 98 na masu ɗauke da shi sun tsira ba rauni.

7/ Wani zai ce iska na iya dawo maka da barkonon ido. Gaskiya ne. Shi ya sa na ce a riƙe duka biyun. Amma feshin ya kasance a ƙugu inda hannu zai kai, kar a cusa shi ƙasan jaka.

8/ Me ya sa ake damuwa haka? Macen girizili sai ta kai wajen shekara 5 ko 6 take fara haihuwa, sannan kusan sau ɗaya a shekara 3. Kuma sau da yawa mai kai farmakin uwa ce da ke kare 'ya'yanta. Ka kashe ta, ƙananan da wuya su rayu.

9/ Tsarin Alaska ya burge ni. Za ka iya kashe beyar don kare ranka, in ba tsokana ko sakacinka ne ya jawo ta ba. Dole ka kai rahoto, ka miƙa wa hukuma fata da farata da ƙoƙon kai. Ba abin da za ka rataye a falo kana kuri. Kuma ba a kashe ta don kare naman farauta, sai in rayuwarka ta dogara da naman.

10/ Wanda ya shirya, ya ɗauki feshi, ya kwashe namansa da wuri, sannan abu ya faru, ba na zarginsa. Wanda ya tafi da bindiga kawai yana cewa "in ta zo ta gani", kar ya laɓe da kare kai. Ku fa, ina za ku ja layin? 👇