Aiki daga nesa: a Kance ba zancen shaƙatawa ba ne

Tun daga 2020, lokacin annobar korona, wasu tsibirai suka fara tallar kansu ga masu aiki ta intanet. Barbados da Mauritius sun fito da biza ta musamman: ka zo da kwamfutarka, ka zauna bakin teku, albashinka yana shigowa daga Turai ko Amurka. Hotunan da ake yaɗawa duk iri ɗaya ne, ƙaramin gari shiru, bishiyar kwakwa, babu cunkoson mota.

In dai shiru ne, Kance ma tana da shi. Tana da fadamun rake da lambuna na yankin Matameye, ga haya mai sauƙi, ga iyakar Najeriya ta wajen Daura kusa. Sai dai Baturen da ya koma tsibiri ya gaji da birni ne kawai. Mutumin Kance kuwa barin gida yake yi don neman abin sawa a baki.

Ba a manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, da yawa daga wannan yanki. Ƙishirwa ce ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Garin da ya ga wannan, duk wata hanya da za ta kawo kuɗi gida ba tare da an ƙetare Sahara ba ta cancanci a duba ta da idon basira.

Kada a yaudari kowa: uwar da ke tafiya Tamanrasset ba za ta koma aikin kwamfuta gobe ba. Wanda ake magana a kai shi ne ɗanta ko ƙaninta da ya gama jami'a a Damagaram, yana jin Faransanci da Hausa, zai iya fassara, ko shigar da bayanai, ko riƙe wa ɗan kasuwar Yamai lissafi. Yau irinsa yana can birni, rabin abin da ya samu haya ta cinye. Da a gida yake zaune, kuɗin a kasuwar Kance za su zaga.

Abin da ke hana shi dawowa sananne ne. Wuta ce ta farko. Daga Najeriya take zuwa wannan ɓangare na ƙasar, kuma kowa ya ga duhun da aka shiga da aka yanke ta bayan juyin mulkin Yulin 2023. Mai ba da aiki daga nesa ba ya jin uzurin an ɗauke wuta, wani kawai zai nema. Intanet ta ɗan samu sauƙi tun da Starlink ta fara aiki a Nijar a 2025, amma na'urarta da kuɗin wata sun fi ƙarfin saurayi guda.

Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya bai fi ƙarfin ma'aikatar magajin gari ba. Ɗaki guda mai faifan hasken rana da batura, na'urar intanet ɗaya, tebura goma, kowa ya riƙa biyan ɗan abin da za a yi gyara da shi. 'Yan Kance mazauna Yamai da Kano, waɗanda ba sa ƙin taimakawa in aikin gari ya taso, za su iya ɗaukar kuɗin baturan, hukuma kuma ta ba da ɗakin da mai gadi.