A Gaya Wa Ɗalibanmu Waye Abdu Gusau

Malam Edita,

Ina neman fili in yi magana kan marigayi Injiniya Abdu Gusau, Garkuwan Sakkwato, wanda kwalejin fasaha ta garinmu Talata Mafara ke ɗauke da sunansa. Kullum ɗalibai na wucewa ta ƙarƙashin allon ƙofar makarantar, amma da yawansu in ka tambaye su waye mai sunan, sai su yi shiru. Abin yana damuna ƙwarai.

An haife shi a Gusau a 1918, lokacin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu don gudun boko. Ya yi karatun injiniyan gine-gine har Ingila, ya dawo gida da iliminsa, ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ƙasar Sakkwato, har Sarkin Musulmi ya naɗa shi sarauta. Ya rasu a 1994, kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara da shekara biyu. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Mu da muke cin albarkacin madatsar Bakolori mun san darajar irinsa. Manomin shinkafa a Bakura ko Maradun, wanda yashi da ciyawa suka toshe masa hanyar ruwa, injiniya ɗan gida yake nema.

Roƙona shi ne hukumar kwalejin ta tuntuɓi iyalansa, a rubuta tarihinsa da Hausa, a riƙa raba wa sababbin ɗalibai.

Naku,
Wani mai karatu daga Talata Mafara