Mai gyara, daga ina ka samo abin da ka zuba mana a kwamfuta?

Yau da masu gyaran kwamfuta muke. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, ba da sunan kowa muka zo ba.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya, ko a Maraɗi, ko a Damagaram, ko a Yamai. Kwamfuta ta rikice, ka kai ta rumfar mai gyara, ya ce sai an wanke ta gaba ɗaya. Ya zaro kile daga aljihu, ya zuba Windows, ya zuba Word da Excel, ya ƙara maka Photoshop gyara, kamar mai sayar da ƙosai. Ka ba shi ƴan jikkuna, ka yi godiya. Mu da muke juya kwalin magani muna duba ranar lalacewarsa, mu da ba mu sayen irin shuka sai mun tambayi inda ya fito, ba mu taɓa cewa: malam, kile ɗin nan kwamfuta nawa ta shiga kafin tawa?

Ku tsaya kusa da shi wata rana ku ga abin da yake fara yi. Kashe mai gadi yake, wato Windows Defender, manhajar da ke hana ƙwayar cuta shiga. In ka tambaya ya ce tana hana aiki. Gaskiya ne tana hana aiki, don abin da zai zuba ɗin fasasshe ne. Wani mutum da ba mu san sunansa ba, ba mu san ƙasarsa ba, ya ɗauki manhajar kamfani ya ɓalle makullinta, ya watsa ta a intanet. Wanda ya iya ɓalle makulli, ya iya cusa abin da ya ga dama a ciki. Kuma me ya sa zai yi wannan wahala ya ba mu kyauta? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira STOP ko Djvu, wadda babbar hanyarta ita ce irin waɗannan fasassun manhajoji. In ta shiga, sai ta kulle duk takardu da hotunan da ke cikin kwamfuta, ta bar maka wasiƙa cewa ka biya kuɗi, wanda a shekarun baya dalar Amurka 980 ne, ko 490 in ka yi magana da su cikin awa 72. Babban kuɗin ya haura jikka 500 na sefa. Mun ga wannan da idonmu a wani shagon buga takardu na unguwarmu. Aikin ƙarshen karatu na ɗalibai, takardun neman aiki, katunan aure, komai ya koma abin da ba ya buɗuwa. Mai shagon, dattijo mai iyali, ya kwana yana ba yara haƙuri, wasu kuma saura kwanaki su miƙa aikinsu. Da aka koma wurin mai gyara, cewa ya yi ƙaddara ce. Ƙaddara ce, mun yarda, amma wa ya kori mai gadi?

Laifi na biyu shi ne rufe sabuntawa, don kada a gano satar. To ai sabuntawar nan ita ce faci da kamfani ke aikowa duk lokacin da aka gano ɓaraka. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta shiga ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ta fitar da facin tun watan Maris. Waɗanda ba su saka ba su suka sha. Yanzu haka akwai masu zuba wa mutane Windows 7, wadda aka daina yi wa faci tun Janairun 2020. Ita ma Windows 10 wa'adinta shi ne Oktoban 2025. Mai gyara nawa ne ya faɗa wa mai kaya?

Mun san amsarku. Lasisi da tsada, mega da tsada, kuma mai kwamfuta ne da kansa ke cewa a sa masa komai. Wannan duk haka ne, mu ma masu kaya muna da namu laifin: mutum wasiƙa kawai yake bugawa, amma sai ya dage a sa masa manhaja ashirin. Sai dai tsadar lasisi ba ta wanke ku. LibreOffice kyauta ce ta halal, tana buɗe takardun Word da Excel. VLC kyauta ce, Firefox kyauta ce, GIMP na gyaran hoto kyauta ce. Amma ko su ɗin, maimakon a ɗauko daga shafin masu su, sai a kwaso tsohon kwafi daga kile ɗin aboki, ko a danna talla ta farko da ta fito a Google. Sauke su sau ɗaya daga tushe, a ajiye a kile mai tsabta da ba ta yawo, mega nawa zai ci?

Ƙannenmu da suka koma Ubuntu ko Linux Mint, kada ku yi dariya, mun iso kanku. Tsarinku yana da kyau: akwai rumbun manhaja na hukuma, kowane kaya da hatiminsa, kwamfuta tana duba hatimin kafin ta karɓa. Amma sai ku kalli bidiyo a YouTube, ku kwafi layi guda, ku ƙara rumbun wani mutum, abin da ake kira PPA. Ƙara rumbu ba shigar da manhaja ɗaya ba ne. Makullin gida ne ka miƙa, don duk abin da mai rumbun ya aiko gobe ko baɗi, zai shiga da cikakken iko lokacin sabuntawa. Ita kanta Ubuntu, in za ta haye sabon zubi, kashe waɗannan rumbunan take fara yi. Wanda kake buƙata ƙwarai, ka san mai shi, bar shi. Sauran ka cire.

Wani zai ce ai tushen ma ana kutsawa. Haka ne, a 2017 an gurɓata CCleaner tun daga gidan masu ita, mutum sama da miliyan 2 suka sauke. Amma an gano, an yi shela, an fitar da gyara. Ranar da kile ɗinka ta kamu, malam, wa zai yi mana shela?

Abin da ya fi tada mana hankali shi ne kwamfutocin lakkol, na ma'aikatu da na gidajen likita, masu ɗauke da sunayen yara, takardun haihuwa da sirrin marasa lafiya, su ma hannun nan ɗaya suke bi. Don haka daga yau, wanda ya kai gyara ya fara kwafe takardunsa a wani faifai dabam, ya cire shi ya ajiye a gida. Ya ce a bar mai gadi a kunne, a bar sabuntawa a buɗe. Ya ce wa mai gyara ya rubuta masa a takarda abin da ya zuba da inda ya samo kowane. In ya ce wannan sirrin sana'a ne, ɗauki kwamfutarka ka leƙa rumfa ta gaba.